Jinyar Tsohuwar Kyanwa Mai Ciwon Suga Da Wasu Cututtuka: Tambayoyi Da Amsoshi

Kyanwar da ta haura shekara 10 ta shiga sahun tsofaffi, wadda ta kai 15 kuwa likitocin dabbobi suna kwatanta ta da mutum ɗan shekara 76. A irin waɗannan shekaru ciwo ba ya zuwa shi kaɗai. Suga zai shigo ya tarar ƙoda ta fara gajiya, gaɓoɓi sun sage, haƙora sun lalace, wani lokaci har da hawan jini. Kuma abin da ke gyara wannan shi ke taɓa wancan: abincin da suga ke so ƙoda ba ta so, maganin da ke kwantar da hanji shi ke tayar da suga.

Na yi jinyar tsohuwar kyanwata shekara uku da irin wannan haɗin. Tambayoyin da ke ƙasa wasu ni na yi wa likita, wasu kuma masu mage ne suka yi mini daga baya. Yawan maganin da za a ba kowace kyanwa, likitan dabbobin da ya duba ta ne zai yanke.

Ta yaya zan gane suga ne, ba tsufa kawai ba?

Abu huɗu suke haɗuwa: yawan shan ruwa, yawan fitsari, ci kamar gara, ga kuma rama. Kyanwa asalinta dabbar busasshiyar ƙasa ce, ba ta cika damuwa da ruwa ba, saboda haka idan ka ga ta tare a gindin randa ko tana bin sauran ruwan alwala tana lasa, akwai magana. Mai kilo 4 da ke shanye sama da mililita 400 a wuni, wato kusan ledar fiya wata guda, ta wuce ƙa'ida. Ni abin da ya fara ankarar da ni kiyashi ne, sun yi dandazo a inda take fitsari a bayan ɗaki.

Akwai alama ta biyar da ke zuwa idan ciwon ya daɗe ba a kula ba. Kyanwa a kan yatsu take tafiya, amma mai suga sai ka ga tana dasa dunduniyar ƙafar baya har ƙasa, don sugan ya taɓa jijiyoyin. Wannan yakan gyaru cikin watanni idan suga ya sauka. Ciwon ya fi kama mai ƙiba, marar zirga-zirga, da muzurun da aka dandaƙe.

Sai dai ciwon ƙoda ma yana kawo shan ruwa da rama, haka ma ciwon tayirod, wata ƙwaya da ke wuya. Da ido ba a raba su.

An auna jininta sau ɗaya an ga suga ya hau. Ya tabbata ke nan?

Bai tabbata ba. Sugan lafiyayyar kyanwa yana tsakanin 80 zuwa 120 a ma'aunin mg/dL, amma tsoro kaɗai yana iya kai shi 300. Ka cusa ta a kwali, ka hau adaidaita sahu da ita, baƙon hannu ya danne ta a kan tebur, dole jini ya nuna. Shi ya sa ake haɗawa da gwajin fitsari, in da hali kuma a yi wanda ake kira furuktosamin, mai nuna yadda sugan ya kasance cikin makonni 2 zuwa 3 da suka wuce, wanda firgitar rana ɗaya ba ta girgiza shi.

Tunda an riga an ɗebi jinin, ka roƙi a duba ƙoda, hanta da tayirod a lokaci guda, a kuma auna hawan jini. Yawancin likitocin dabbobi a garuruwanmu aikinsu ya fi karkata ga shanu, tumaki da kaji, don haka ba laifi ba ne ka tambayi likita ko ya saba da ƙananan dabbobi. Asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri suna da sashen karnuka da maguna.

Dole sai allura? Babu ƙwaya, ko na gargajiya?

Ga tsohuwar kyanwa mai wasu cututtuka, kusan kullum allurar insulin ce. An fito da sababbin magunguna na baki, Bexacat da aka amince da shi a Amurka a watan Disamba na 2022, da Senvelgo na ruwa a 2023. Suna sa ƙoda ta zubar da suga ta fitsari. Amma an yi su ne don kyanwar da aka gano ciwonta yanzu, ba ta taɓa karɓar insulin ba, kuma jikinta kalau yake ta sauran ɓangarori. Wadda muke magana a kanta ba ta cikin wannan layi.

Kada a gutsura mata ƙwayar sugan Baba ko ta Hajiya. Haka shuwaka, garafuni da zogale da mutane ke sha, babu wanda zai maye gurbin insulin a jikinta. Tafarnuwa da albasa kuwa guba ne gare ta kai tsaye, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta, ko ɗanye ko dafaffe.

Wane insulin ne ya dace, kuma me ya sa ake ta gargaɗi a kan sirinji?

Jikin kyanwa yana saurin cinye insulin, don haka mai daɗewa ake nema. Lantus na mutane yana cikin waɗanda suka fi yi mata aiki, kuma shi ya fi sauƙin samu a manyan kemis. Akwai ProZinc da Caninsulin waɗanda na dabbobi ne. Irin su Insulatard da Mixtard, da aka fi sani a asibitocinmu, aikinsu yakan ƙare da wuri a jikin kyanwa, ya bar ta sa'o'i da yawa suga na sama. Yawanci ana farawa da yunit 1 ko 2, sau biyu a rana, kuma ba a ƙarawa sai an yi kamar mako guda ana lura.

Maganar sirinji kuwa maganar rai ce. Lantus ƙarfinsa U-100 ne, wato yunit 100 a kowace mililita. ProZinc da Caninsulin U-40 ne. Kowanne da sirinjinsa. Idan ka ja Lantus da sirinjin U-40, ka ja zuwa lamba 2, to yunit 5 ka yi mata, ninki biyu da rabi. Wannan kuskuren yana kisa. Duk lokacin da ka sayo sabon fakitin sirinji, ka ɗora shi kusa da kwalbar ka karanta lambobin biyu da idonka, kada ka dogara da cewa mai kemis ya ba ka irin na da.

Ban taɓa yi wa ko kaza allura ba. Zan iya?

Za ka iya. Allurar siririya ce ƙwarai, mafi yawan maguna ba sa ko waiwayowa idan kansu na cikin kwano. Ka ɗaga fatar gefen haƙarƙari ko ta bayan kafaɗa da yatsu biyu ta yi kamar tanti, ka soka a gindin tantin, ka tura, ka zare. Ka riƙa sauya waje, yau dama gobe hagu. Lantus garau yake kamar ruwa, ba a girgiza shi, ba a kuma sirka shi da komai. ProZinc ana mirgina shi a tafin hannu a hankali, Caninsulin kuma a girgiza har ya zama fari kamar madara.

Tsakanin allura da allura awa 12. Mu nan Allah ya sauƙaƙa mana, fitowar rana da faɗuwarta kusan awa 12 ne a tsakaninsu duk shekara. Ni nakan yi da ƙarfe shida da rabi na safe, sannan in an idar da magariba.

Idan ka taɓa gashin ka ji jiƙe, ko ta zabura ba ka san ko maganin ya shiga ba, kada ka sake. Ka jira lokaci na gaba. Suga ya hau na rabin yini ba zai kashe ta ba, allura biyu a jere tana iya yi. Kuma a gidan da mutum biyu ke kula da ita, a rataye kalanda kusa da inda ake ajiye maganin, duk wanda ya yi ya sa alama nan take.

Wuta ba ta tsayawa, ga zafi. Ina zan ajiye insulin?

Inda ya fi shi ne firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, a tsakiyar firjin ba jikin bango ba. Daskarewa ta fi zafi ɓata shi, saboda haka kada ya shiga firiza, kada kuma a ɗora shi kai tsaye a kan ƙanƙara cikin kula. Wanda ya taɓa daskarewa a zubar.

In babu firjin da za a dogara da shi, tukunya biyu ta isa. Ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ita ce dabarar da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ka sa kwalbar cikin robar da ke rufuwa ruf kafin ka saka ta. Dabarar ta fi aiki da rani da hunturu, da damina kuwa iska na da laima, sanyin ba ya kai haka.

Wani bincike da Jami'ar Janiba da ƙungiyar likitoci ta MSF suka fitar a 2021, bisa yanayin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna insulin bai rasa ƙarfinsa ba cikin mako 4 a zafin da ke kai-kawo tsakanin digiri 25 da 37. Wannan ya kwantar mini da hankali sosai. Amma watan Afrilu a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai yana haura 40, don haka kan taga, aljihun mota da ɗakin kwano ba wurin ajiya ba ne. Idan ba a firji kwalbar take zaune ba, ka canza ta bayan kwana 28 da buɗewa ko da saura.

Me zan ba ta ta ci? Da sauran tuwo da shinkafa ta girma.

Nan ne rabin jinyar yake. Kyanwa maciyar nama ce zalla, an halicce ta ne don ɓera, ƙadangare da tsuntsu, jikinta bai iya sarrafa sitaci da yawa ba. Tuwo, shinkafa, burodi, taliya, fura, koko, duk sai an janye su. Abin da likitoci ke nema shi ne sitaci kada ya wuce kashi 12 cikin 100 na ƙarfin abincin. Busasshen abincin maguna na buhu, mai kama da biskit, yawancinsa ya zarce haka nesa. Na gwangwani mai laima ya fi, ga ƙarancin sitaci ga ruwa, sai dai tsada, kuma sai a manyan kantuna.

In a gida za a haɗa, to dafaffen naman kaza, musamman cinya, da zuciya, da ƙundu, da dafaffen ƙwai, da dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya. Ba gishiri, ba magi, ba yaji, ba albasa. A ba ta har da romon, domin akwai wani sinadari mai suna taurin da zuciyarta da idonta ke buƙata, kuma yana tsiyayewa cikin ruwan dahuwa. Hanta kaɗan, kamar sau ɗaya a mako, yawanta yana sanƙarar da ƙashin wuya. Ɗanyen kifi a bar shi. Madara da nono suna sa yawancin manyan maguna gudawa. Tsoka zalla kuma ba ta da isasshen kalsiyam, don haka idan abincin gida za ta dogara da shi wata da watanni, sai likita ya rubuta abin da za a riƙa barbaɗawa. Lokacin babbar salla a yi hattara da yara, kowa na son jefa mata kitse da tsire, kuma yajin tsire da wuya a rasa tafarnuwa ko albasa a ciki.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi: idan ta riga ta fara insulin sannan ka janye sitaci, sugan zai iya faɗuwa cikin kwanaki kaɗan, allurar jiya ta zama ta yi yawa yau. A sauya a hankali cikin mako guda, ana aunawa, likita kuma ya sani.

Mai ƙiba a rage mata a sannu, kamar kashi 1 cikin 100 na nauyinta a mako. Ramammiya kuwa ba a ƙayyade mata, ta ci iya cinta, kaɗan-kaɗan sau da yawa.

An ce ƙodarta ma ta taɓu. Likita ya ce a rage nama, suga kuma ya ce a ƙara. Wanne zan bi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi hana ni barci. Amsar tana ga matakin da ƙodar ta kai. Likitoci sun kasa ciwon ƙodar maguna mataki huɗu bisa kiriyatinin na jini, wani datti da ƙoda ke tacewa: ƙasa da 1.6 mg/dL mataki na ɗaya, 1.6 zuwa 2.8 na biyu, 2.9 zuwa 5.0 na uku, sama da 5.0 na huɗu. A mataki na ɗaya da farkon na biyu, yawanci ana ci gaba da abincin suga. Da an shiga na uku, ƙoda ce ke gaba, a koma abincin ƙoda ko da ya fi sitaci, sai a daidaita insulin ya bi shi. Dalilin a fili yake. Suga kana da allurar da za ka murɗa sama ko ƙasa, ƙodar da ta lalace kuwa ba ta dawowa.

Kuma babban abokin gabar ƙoda a cikin abinci sinadarin fosforas ne, fiye da naman kansa. Yana da yawa a ƙashi, busasshen kifi, kayan ciki, gwaiduwa da madara. Dafaffen farin ƙwai yana da furotin mai kyau, fosforas ɗinsa kaɗan ne, ya taimake ni ƙwarai wajen cike gurbi. Akwai kuma garin magani da ake cakuɗawa a abinci ya kama fosforas tun a hanji, wanda ke ba da damar barin ta a kan naman da take so. A ganina, tsohuwar kyanwar da aka rage wa nama har tsokar bayanta ta zube an cuce ta, ko da takardar gwaji ta yi kyau.

Abu biyu da ba a cika faɗa ba. Na farko, ƙoda tana cikin masu fitar da insulin daga jiki, to idan ta raunana sai insulin ya daɗe yana aiki, ga kuma ci ya ragu. Ma'ana yayin da ƙoda ke ƙara lalacewa, sau da yawa rage allura ake yi. Na biyu, idan ka ga ta sunkuyar da wuya ta kasa ɗagowa, mai yiwuwa fotasiyam ne ya zube ta fitsari, kuma ana gyara shi da magani.

Ruwa a ajiye shi a wurare uku ko huɗu, cikin faffaɗan kwano, nesa da inda take bayan gida. Idan ta fara bushewa, likita na iya koya maka ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata a gida.

Me zan yi idan sugan ya faɗi?

Alamun su ne tangaɗi kamar mai jiri, rawar jiki, kallon waje ɗaya, yunwar farat ɗaya, kuka marar dalili, daga nan sai fizge-fizge da suma. A na'urar auna suga, duk abin da ya sauka ƙasa da 60 mg/dL haɗari ne.

In tana iya haɗiya, ba ta abinci nan take. In ba ta iya ba, lakaci zuma ko ruwan sukari mai kauri da yatsa ka goga mata a dasashi. Kada a ɗura mata komai a maƙogwaro, zai shiga huhu. Ko ta farfaɗo a kai ta wurin likita, don insulin mai daɗewa yana nan yana aiki, sugan na iya sake faɗuwa bayan awa ɗaya ko biyu. Kada a yi allura ta gaba sai likita ya ce. Kwalbar zuma ta zauna kusa da sirinji, kowa a gidan ya san inda take da amfaninta, har mai aiki.

Ta ƙi cin abinci yau. In yi allurar ko in bari?

In kana da na'ura, auna ka kira likita da lambar. In babu, kuma ko lasa ba ta yi ba, barin allura ɗaya ya fi yin ta cikakkiya. Wasu likitocin sukan ce a yi rabi, shi ya sa ya kamata ku yi wannan maganar da naka tun ranar farko, ka rubuta amsar.

Amma ƙin ci da ya kai awa 24 na asibiti ne. Mai suga da ta daina ci, tana amai, ta yi laushi, tana iya shiga halin da jiki ke ƙona kitse ya cika jini da gubar da ake kira kiton, kuma wannan sai da ƙarin ruwa ta jijiya. Tsinken gwajin fitsari na mutane mai nuna kiton yana aiki a fitsarin kyanwa. Mai ƙiba kuma idan ta yi 'yan kwanaki ba ci, kitse yakan toshe mata hanta. Kafin a kai nan, gwada ɗumama abincin ƙamshinsa ya tashi, tsofaffi hancinsu ya yi rauni. Akwai magungunan tashin zuciya da na buɗe ciki da likita ke rubutawa.

Zan iya auna sugan a gida?

Ƙwarai, kuma lambar gida ta fi ta asibiti gaskiya tunda babu tsoro. Akwai siririyar jijiya da ta zagaye gefen kunne. Ka murza kunnen ya yi ɗumi, ka tsira, ɗigo ɗaya ya isa. Na'urar mutane tana aiki, sai dai takan nuna ƙasa kaɗan da ainihin sugan kyanwa. Ka lura da ma'aunin taka: idan mmol/L take nunawa ka ninka da 18 ka samu mg/dL, a Nijar kuma inda ake rubuta g/L, 1 g/L daidai yake da 100 mg/dL. Wasu likitocin suna manna wata 'yar na'urar auna suga mai suna FreeStyle Libre a fatar da aka aske, ta yi ta karantawa har kwana 14 in ba ta ɓalle ba.

Abin da ake nema shi ne sugan ya wuni tsakanin kusan 80 da 250. Ga tsohuwa mai ƙoda, ni ban taɓa neman ta kusanci 80 ba. Na fi son in ga 150 ko 200 tana ci, tana gyara gashinta, nauyinta bai ragu ba. Kada ka ƙara allura da kanka don ka ga lamba ɗaya ta yi sama. Wani lokaci hawan martani ne na jiki bayan sugan ya faɗi ƙwarai ba ka gani ba, ƙarin sai ya daɗa dagula lamarin. Ka riƙa rubuta ruwan da ta sha, abin da ta ci, da nauyinta duk mako, wannan littafin ya fi kowace lamba guda amfani ga likita.

Ana ta ƙara insulin amma sugan ya ƙi sauka. Me ke faruwa?

A fara da masu sauƙi: kwalbar ta sha zafi, sirinjin ba nata ba ne, allurar tana fita ta ɗaya gefen fatar, ko wani a gidan ko maƙwabta na ba ta tuwo don tausayi. In ba waɗannan ba, to wani ciwo ne ke tare hanya. Ruɓaɓɓen haƙori da ciwon mafitsara su ne na kusa, kuma na ga suga ya sauka bayan an cire haƙori biyu kacal. Sai kumburin fankiriyas, wato tsokar da ke samar da insulin ɗin kanta, wanda ke zuwa ya lafa ya dawo.

Sai tayirod, ƙwayar nan ta wuya da kumburinta ke kawo wa mutane maƙoƙo. A tsofaffin maguna takan yi aiki fiye da kima, kyanwa ta rame, zuciya ta yi ta bugu, ta yi ta kuka da dare. Ana kwantar da ita da ƙwayar methimazole ko carbimazole. A nan ma akwai ja-in-ja: tayirod mai gudu tana tura jini da yawa ta ƙoda ta ɓoye rauninta, da an kwantar da ita sai ciwon ƙodar ya fito fili, buƙatar insulin kuma ta ragu. Shi ya sa ake farawa da kaɗan, a sake gwajin jini bayan makonni.

Maganin sitiroyid irin prednisolone da dexamethasone, da ake bayarwa don asma, ƙaiƙayi ko ciwon hanji, yana tayar da suga, har shi kaɗai yana jawo ciwon. Duk likitan da zai yi mata wata allura ka gaya masa tana da suga kafin ya ja magani. In dole sai da shi, ba a yanke shi farat ɗaya, insulin ake ɗagawa ya bi shi.

Na ƙarshe shi ne akromegali, ƙari a wata ƙwaya da ke gindin ƙwaƙwalwa. Binciken Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ya same shi a kusan ɗaya cikin huɗu na maguna masu suga da aka gwada a Birtaniya. Alamarsa kyanwa tana ƙara nauyi, fuska da tafin ƙafa na faɗaɗa, alhali sugan bai sauka ba.

Ta daina hawa katanga, da ƙyar take tashi. In ba ta Panadol?

A'a, ko kusa. Farasitamol yana kashe kyanwa, ƙwaya ɗaya ta isa, domin hantarta ba ta da abin narkar da shi. Haka ibuprofen da diclofenac, har wanda ake shafawa, tunda za ta lashe. Ciwon gaɓoɓi kuwa gaskiya ne, wani bincike a Amurka ya ga alamarsa a hoton ƙashin kashi 90 cikin 100 na magunan da suka haura shekara 12. Kyanwa ba ta ɗingishi kamar kare, daina tsalle take yi, ta daina gyara gashin bayanta, ta fara fitsari a gefen tiren yashin da take bayan gida a ciki.

Likita na iya ba da meloxicam kaɗan idan ƙodar na zaune lafiya kuma ba ta bushe ba, ko gabapentin, wanda ake rage yawansa ga mai ciwon ƙoda. Akwai allurar wata-wata mai suna Solensia inda ake samunta. A gida, a sauko mata da komai ƙasa, a samo tiren yashi mai gajeren baki, a shimfiɗa mata tsohon bargo, musamman da hunturu. In za a fesa fiya-fiya ko maganin sauro a fitar da ita da kwanoninta, kuma maganin ƙuma na karnuka mai permethrin kada ya taɓa jikinta.

Jiya kalau, yau tana karo da bango. Sugan ne ya makantar da ita?

Ba kasafai ba. Karnuka ne suga ke sa wa yanar ido, maguna da wuya. Makantar dare ɗaya ga tsohuwar kyanwa galibi hawan jini ne, wanda ke bin ciwon ƙoda da tayirod, ya ɓamɓare shimfiɗar bayan ido. A kai ta a ranar. Ƙwayar amlodipine tana saukar da shi, kuma in an yi sauri wani lokaci ganin yakan dawo. Duk awon hawan jinin da ya tsaya sama da 160 yana buƙatar magani.

Ana warkewa?

Maguna suna da wannan sa'ar. Idan aka kama ciwon da wuri, aka gyara abinci, wasu sukan daina buƙatar insulin, galibi cikin watannin farko, musamman wadda sitiroyid ne ya jawo mata. Ba warkewa ce ta har abada ba, yana iya dawowa, don haka abincin ba ya komawa na da. Ga wadda ta daɗe da ciwon damar ta yi ƙasa. Amma ka san da maganar, domin kyanwar da jikinta ya farfaɗo ana ci gaba da yi mata allura ita ce ke suma.

'Yan uwa na cewa almubazzaranci ne, mutane ma ba su samu maganin suga ba.

Maganarsu tana da nauyi, ban raina ta ba. Wanda zai hana iyalinsa don kyanwa bai yi daidai ba. Amma dabbar da ta tsufa a gidanka, ta yi shekaru tana tsare maka rumbu da kicin, amana ce. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, yana cikin Bukhari da Muslim, haka ma wanda ya ce akwai lada a kan kowane mai ɗanyar hanta.

Kuma jinyar ba sai ta kai ƙarshen tsada ba. Kyanwa yunit 2 zuwa 4 take sha a rana, ɗan kaɗan ne a kan abin da babban mutum ke buƙata. In aljihu bai kai ga komai ba, ka gaya wa likita gaskiya ku jera: insulin da sirinji, sai janye sitaci, sai ƙwayar hawan jini in tana buƙata, gwaje-gwaje su biyo baya gwargwadon hali.

Yaya zan san ta gaji?

Kalandar da kake sa alamar allura, ka fara sa wata alamar a gefe, ranar daɗi da ranar wuya. Ranar daɗi ita ce ta ci da kanta, ta je tire da ƙafarta, ta fito ta sha hantsi, ta amsa da aka kira ta. Idan ranakun wuya suka rinjaya mako bayan mako, amai ya ƙi tsayawa duk da magani, ta koma ɓuya a lungu, numfashi ya yi nauyi, lokaci ya yi da za ku zauna da likita. Likitocin dabbobi suna da allurar da ke kawo ƙarshen wahala ba tare da zafi ba. Malamai sun saɓa a kan hukuncin yin haka ga dabbar da aka fid da rai da ita, sai mutum ya tambayi malamin da ya amince da shi tun kafin ranar ta zo.

Tawa, a makonninta na ƙarshe, likita ya rage insulin zuwa ɗan abin da zai hana ƙishirwa da kiton, muka daina tsira kunnenta, muka bar ta ta ci duk naman da ranta ke so ba tare da lissafin fosforas ba. Maganin ciwo da na tashin zuciya kaɗai muka riƙe. Na mayar da bargonta bakin ƙofar kicin inda rana ke fara sauka da safe, na ajiye ruwa a inda za ta kai baki ba sai ta miƙe ba.